Motar Alhaji Buraima Mai Ciki Biyu

Duk garin da Allah ya so da rahama, sai ya ba shi wani abu da maƙwabtansa ba su da shi. Wani garin rijiya mai daɗin ruwa, wani babbar kasuwa, wani malami. Matamaye kuwa abu biyu aka haɗa mata: rake, da kunnen Alhaji Buraima.

Raken kowa ya san shi. Kunnen ne ke bukatar bayani, don baƙo zai iya ganinsa ya ɗauka kunne ne irin na kowa, mai ɗan gashi a baki, hula ta danne samansa. Ina! Wannan kunne ne da ke jin ciwon inji tun kafin injin ya san ba shi da lafiya. In mota ta gifta ta gaban shagonsa, sai Alhaji ya ɗaga yatsa, majalisa ta yi tsit, ya lumshe ido, ya karkata kai, can ya ce, "Buji na uku," wato fulogin injin. Kafin nan motar ta yi nisa, ta nufi Yauri ko Damagaram, ba mai bin ta ya tambaya. Saboda haka har yau ba a taɓa kama Alhaji da kuskure ba.

Sana'arsa ta asali sayar da kwanon rufi da ƙusa. Ilimin injin a tsallaken iyaka ya samo shi, a wani gareji da ya kai tsohuwar motarsa aka haɗa mata gaz. Ya yi 'yan kwanaki a kan benci yana shan shayi yana kallon ƙafafun makanikai da suka leƙo daga ƙarƙashin mota, ya dawo gida cikakken injiniya. 'Yan majalisa suka laƙaba masa Likitan Inji. Masu ƙarancin tarbiyya na ce masa Dokta Kunne, shi kuwa duka biyun yana amsawa, don bai ga bambanci ba.

Aikin da aka yi wa motar ba wani mai wuyar gani ba ne. Tukunyar gaz ce irin ta girki aka ɗaure a akwatin baya, aka ja tiyo zuwa inji, aka sa maɓalli kusa da sitiyari: ka danna dama ta sha esansi, wato fetur, ka danna hagu ta sha gaz. Amma a bakin Alhaji abin ya fi haka nesa ba kusa ba.

"Jama'a," in ji shi, "motocinku ciki ɗaya gare su, kamar jaki. Tawa ciki biyu. In wannan ya ƙare, wancan ya karɓa, direba ma bai sani ba. Shi ake kira sistem. Turawa suka fara tunaninsa, ni na kammala."

Ya faɗi wannan a shago, ya faɗa a ƙofar masallaci, ya faɗa wurin suna da wurin gaisuwar mutuwa. A gida kuwa ya faɗa har matarsa Baiwa ta haddace, tana iya kawo shi tana tankaɗe.

Mutum mai ciki biyu ba ya rasa wanda zai raina, kuma Alhaji ya zaɓi Yunus, mai sayar da esansi a kwalabe a bakin titi. Kullum zai rage gudu daidai teburinsa, ya sauke gilashi, ya dube shi da tausayi. "Yunus, ka fara neman wata sana'a tun da ƙarfinka. Zamanin kwalba ya wuce. Ni da esansi sai dai mu gaisa a hanya." Don ya nuna da gaske yake, ya sa aka tsiyaye tankin motar tas a garejin Zakariya, ya ce nauyin banza ne. Wannan labarin bai shiga cikin gida ba, domin Alhaji yana kai wa mata kirarin ilimi ne kawai, ba ya kai musu ilimin kansa.

Akwai wata ƙa'ida kuma da ya riƙe: ba ya taɓa mota da hannu, in ban da sitiyari da maɓalli. Farar shadda yake sawa tun daga hula har ƙasa. "Ƙaramin makaniki shi ke aiki da hannu," in ji shi. "Babba da kunne yake aiki." Tun ranar da aka ɗaure tukunyar nan a baya, Alhaji bai sake buɗe wurin ba.

Ana cikin wannan ɗaukaka sai surukarsa Lalla, mahaifiyar Baiwa, ta samu kujerar Makka. Tsohuwa ce da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana saro rake daga fadamun Tsauni, kuma duk tafiyar da ta taɓa yi a duniya a saman kaya ta yi ta: saman amalanke, saman buhuna, saman damin rake, rana na dukanta, ƙafafu na lilo. Bayan ganin Ka'aba, burinta ɗaya ne. Ranar da za ta dawo, tana so ta shiga Matamaye a gidan gaba na mota, da rana ido na ganin ido, ana danna oda, duk wanda ya taɓa ganinta a saman rake ya gan ta a kan kujera. Ta faɗa wa Baiwa. Baiwa ta faɗa wa mijinta tana roƙonsa, don ta san tsohuwar ba za ta sake samun irin wannan rana ba.

Alhaji bai amsa a ɗaki ba. Irin wannan amsa ba a ɓarnatar da ita a gaban mutum ɗaya. Ya jira ranar rakiya, dangi sun cika ƙofar gida, sannan ya miƙe.

"Ku zama shaida. Ba motar da za ta ɗauko Inna sai tawa. Duk wanda ya kawo mota mai ciki ɗaya wurin tarbar nan, ni ya raina."

Dangi biyu uku masu motoci suka ce to, suka janye. Baiwa ta ji daɗi har cikin ranta, ta yi masa addu'a a fili.

Lalla ba ta kai ga jifan Shaiɗan ba motar ta fara tari.

Da farko ɗan tsallake ne. Injin ya yi bugu uku ya manta na huɗu, motar ta riƙa karkarwa kamar mai masassara. Daga nan sai ƙarfi ya fara guduwa. In Alhaji ya taka totur, maimakon ta zabura, sai ta yi nishi, ta saki fat! fat! ta salansa, awakin unguwa su watse. Ɗan tudun da yara ke hawa da keke ya zame mata dutse. Wata rana amalanken shanu ya wuce ta a tsakiyar gari, mai amalanken har ya waiwayo ya yi wa Alhaji sannu da hanya.

Wani zai ji kunya. Alhaji murna ya yi. Shekara da shekaru yana duba marasa lafiyar da ke wucewa a guje, yau Allah ya kawo masa wadda za ta tsaya a saurare ta. Nan take ya kafa abin da ya kira zaman diyagnostik. Kullum bayan azahar a faka motar a inuwar bishiyar bedi a ƙofar gidansa, wani ya ɗaga murfin inji, a jera bencina, Alhaji ya zauna a kujera mai hannu ya miƙa kunne. Da yake ilimi ba ya shiga cikin da ba kowa, sai ya riƙa leƙawa zaure yana ɗaga murya: "Baiwa! A ƙara hannu, masu neman ilimi sun ƙaru!" Kuma gaskiya ne, kullum ƙaruwa suke. Ba a taɓa ganin son ilimin inji ya kama mutanen Matamaye kamar a wannan lokacin ba, musamman ranar da ake dafa-duka.

Hukuncin farko ya faɗa kan buji. Aka kira Zakariya ya canza su duka. Zakariya mutum ne mai hankali, mai iyali kuma. Ya daɗe da gane cewa mai motar da ya zo da sunan ciwonsa a baki ba a yi masa gardama, cire masa tsoho ake yi a sa sabo, a ce, "Gaskiyarka, Alhaji." Washegari ranar kasuwa ce, motar ta tashi garau, ta hau tudu tana waƙa. Alhaji ya zaga kasuwa hannu a baya yana karɓar barka.

Ba a daɗe ba tarin ya dawo.

"Na sani," in ji Alhaji. "Da ma buji alama ce, ba ita ce cutar ba. Wutar ce ba ta isowa. Bobin!"

Aka canza bobin, mai tura wa buji wuta. Ranar kasuwa motar ta warke, tsakiyar mako ta kwanta. Aka canza wayoyin wuta. Aka canza filtar iska. Da ruwan farko ya sauka, Alhaji ya gano laima ce ta shiga injin, ya sa aka lulluɓe shi da bargo. Zakariya ya yi wa shagonsa sabon rufi, kuma a shagon Alhaji ya sayi kwanon, don mutum ne mai sanin ya kamata.

Kada a ce Alhaji bai lura da cewa kullum ranar kasuwa motar ke warkewa ba. Ya lura sarai, kuma ya yi bayani, 'yan majalisa na sauraro da loma a baki.

"Inji numfashi yake yi kamar ni da ku. Ranar kasuwa mutanen ƙauye na shigowa, suna shigo mana da iskar daji a cikin rigunansu. Iska mai kyau, kombistiyon mai kyau. Da sun koma, sai a bar mu da iskar gari. Wannan ko a littattafan Turawa ba a kai ga rubuta shi ba tukuna."

To, bari mu bar manya da iliminsu, mu leƙa cikin gida, inda ba ilimi sai tukwane.

Kowace safiyar kasuwa mai gaz yakan zo ya kwance tukunyar motar ya ɗaura cikakkiya, haka Alhaji ya tsara, kuma ba ya fitowa kallo, don aikin hannu ne. Tukunyar gaz ta madafi kuwa Alhaji ya yi mata lissafi na ilimi: dole ta kai daga tsayuwar wata zuwa tsayuwar wata. An yi lissafin ne tun kafin rabin gari ya fara cin abincin rana a ƙofar gidan, amma lissafi ba ya canzawa don mutane sun ƙaru. Ga shi kuma akwai kalmar da aka haramta a gidan Alhaji, ita ce "babu".

Sai wata safiya Baiwa ta kunna murhu, wutar ta fito 'yar ƙarama, tana lilo, ko kunu ba za ta tafasa ba. Ta ɗaga tukunyar ta girgiza, ta ji saura ɗan tsiyaye a gindi. Ta duba gefe. Ga mota can kwance a rumfarta, taku kaɗan daga madafi, akwatin bayanta da igiya aka ɗaure shi don makullin ya daɗe da mutuwa. Ta kwance. Tukunya iri ɗaya, baki iri ɗaya, tiyo iri ɗaya. Ta ɗauko mai nauyin, ta ɗaura mara nauyin, ta mayar da igiya, duk kafin Alhaji ya fito daga wanka. Ko kaɗan zuciyarta ba ta zarge ta ba. Mota ce mai ciki biyu, in wannan ya ƙare wancan ya karɓa, direba ma bai sani ba. Daga bakin mai motar ta ji.

Kuma ba ɓoyewa ta yi ba. Tun ranar farko ta tare shi yana ɗaura agogo. "Alhaji, game da gaz ɗin motar nan..."

"Baiwa," ya ce da murmushin haƙuri, "kin taɓa ganin na shigo madafi ina koya miki yadda ake kaɗa miya? Gaz fanni ne. Ki bar wa masu fanni."

Ta sake gwadawa wata rana, ta tarar yana sauraron inji, ya ɗaga mata yatsa. Sai ta bar wa masu fanni.

Duk da haka tana tausaya wa gaz ɗin, babbar tukunyar abinci a kan itace take ɗora ta. Rannan ana tsakiyar zama iska ta kaɗo hayaƙi ta kan katanga. Alhaji ya shaƙa, ya miƙe tsaye a hankali, fuskarsa na haske.

"Allahu Akbar. Ina nema a nesa, ashe abokin gaba a gidana yake kwana. Hayaƙin itace! Shi ke toshe mata numfashi cikin dare. Daga yau ba a sake hura itace a gidan nan. Gidan injiniya, gidan gaz!"

Majalisa ta yi kabbara. Daga ranar, motar da ke kai tsakiyar mako kafin ta kwanta, sai ta koma kwanciya tun washegarin kasuwa.

Ana haka saƙo ya zo: alhazai sun sauka Damagaram, babbar mota za ta ajiye Lalla a Kance, can dangi za su tarbe ta su shigo da ita gari. Ranar ta faɗo washegarin kasuwa. A ranar kasuwar kuwa motar lafiyarta ƙalau, sai gurnani take, don haka Alhaji ya sanar da cewa cuta ta ƙare har abada. Cikin farin ciki ya bi tasha da rumfunan kasuwa yana gayyatar duk wanda ya haɗa ido da shi zuwa walima.

Baiwa da matan dangi suka ɗora tukwane tun sallar asuba, duk a kan gaz, itace na jingine a bango yana kallonsu. Hantsi bai gama ɗagawa ba wuta ta fara lilo, ga shinkafa ba ta ko tsotse ba, ga nama. Baiwa ta yi bisimilla ta kwance igiyar nan. Yau kam ta ƙudura sai ta sake gwada faɗa masa, don uwarta za a ɗauko. Da Alhaji ya fito cikin sabuwar farar shadda yana ƙamshi, ta bi shi har zaure.

"Alhaji, kafin ka tafi, ɗaya cikin nan na motar..."

"Ki ajiye har na dawo. Yau kunnena na inji ne."

Ayarin tarba ya tashi: motar Alhaji a gaba, babura a baya, da doka mai ƙarfi cewa ba mai wuce shi. Illa, wan Baiwa, siririn mutum mai yawan murmushi, yana kujerar baya. Yunus ma yana cikin masu babur, don Lalla gwaggonsa ce, kuma kamar kullum da kwalbarsa ɗaure a bayan sirdi. A hanyar zuwa motar ta yi tari sau ɗaya ko biyu. Alhaji ya ce ɗoki ne.

A Kance aka tarar da sabuwar Hajiya zaune a kan jakarta, fara tas da ita, haƙorin Makka na walƙiya. Aka yi koke-koke da gaishe-gaishe. Alhaji ya durƙusa daga nesa, kai a ƙasa, kamar yadda suruki ke yi. Tun da ya auri Baiwa shi da tsohuwar ba su taɓa haɗa ido ba, ba ta kama sunansa, ba ya mayar mata da magana, duk abin da za su ce wa juna sai ta bakin wani. Aka raba kaya a kan babura. Jarkar zamzam kuwa tsohuwar ta ce ba mai raba ta da ita, a cinya za ta riƙe. Ta shiga gidan gaba, ta shafa kujerar da tafin hannu, ta gyara zama, ta yi hamdala a hankali. Illa ya ga hawaye a idonta, ya kau da kai.

An yi tafiya mai daɗi har aka fara hango dogon ƙarfen waya na Matamaye. Gero ya tsiro kore shar dama da hagu, ruwan jiya na kwance a ramukan hanya. Sai ga wani ɗan hawa. Motar ta dube shi, ta yi bugu uku ta manta na huɗu, ta yi biyu ta manta sauran. Alhaji ya taka totur har ƙasa. Fat! Fat! Ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, ta tsaya. Babura duka suka tsaya a bayanta cikin ladabi.

Abin da ya biyo baya Illa kaɗai ya gani. Alhaji ya saci kallon madubi, ya zura hannu a hankali kamar mai ɗaukar goro a aljihun wani, ya danna maɓallin zuwa dama, wajen esansi. Ya murɗa makulli. Cikin na biyu ya amsa da abin da aka bar masa, wato ba komai. Alhaji ya mayar da maɓallin, ya fito, ya gyara hula.

"Kada kowa ya tada hankali. Abin da na yi tsammani ne. Motar ta saba da iskar Matamaye, ta je ta shaƙi ta Kance, su biyun sun haɗu a karbirato ba su jitu ba. A ba ni shiru."

Aka ba shi shiru. Ya sunkuya a kan injin da ba ya motsi, ya karkata kai, ya saurara. Tsuntsaye na kuka a gona. Rana ta fara karkata.

"Dokta," in ji Yunus daga baya, da muryar da ta kai har ƙarshen ayari, "ga kwalba fa, in za a gaisa a hanya."

"Ko digo!"

Sai murya ta fito daga gidan gaba, a natse. "Illa, gaya wa mai gidan Baiwa a ba ta ta sha. Ni ma a hanyar Mina abin da aka miƙo mini shi na sha."

Suruki ba ya mayar da magana. Yunus ya zo yana taku ɗai-ɗai, ya ɗaga kwalbar sama yadda kowa zai gani, ya tsiyaye ta a tanki har digon ƙarshe. Aka danna dama, aka murɗa. Injin ya yi gurnani bai kama ba. Aka sake, aka sake. Famfon da ke tura esansi ya yi wata da watanni a bushe ba a neme shi ba, yau da aka neme shi ya ƙi amsawa. Wani zai rufe fuska. Alhaji juyowa ya yi ga jama'a, hannu a sama, kamar wanda ya ci zaɓe.

"Kun gani da idonku! Ko an ba ta ba ta sha! Na horar da ita!"

Illa ya sunkuya ta taga ya ce Inna ta hau babur ɗinsa da wani ya riƙo, kafin rana ta faɗi. Tsohuwar ta ƙara rungume jarkarta.

"A gidan gaba na ce zan shiga gari, Illa. Na hau bayan abubuwa ya ishe ni."

Ba sauran magana, sai turi. Maza suka jingine babura a gindin wata bishiya suka naɗe hannun riga. Alhaji ya koma mazauninsa ya kama sitiyari don ya ba da umarni. Aka tura, aka yi nishi, motar ta matsa taku biyu ta dawo ɗaya, domin Alhaji mutum ne da Allah ya yi wa albarkar jiki.

"Illa," in ji Hajiya Lalla tana kallon gaba, "gaya wa mai gidan Baiwa motar ta yi nauyi. Kuma ba ni ba ce."

Haka aka yi Illa ya koma sitiyari, Likitan Inji ya zagaya baya. A karo na farko tun da ya zama injiniya, ya ɗora tafukansa biyu a jikin mota, daidai kan murfin akwatin baya, kusa da ƙullin igiyar Baiwa. Taya ta faɗa rami, ruwan laka ya yi wa shaddar ado har ƙirji. Kuma duk ramin da aka faɗa, sai wani abu ya amsa daga ƙarƙashin hannunsa: ƙwalam, ƙwalam, irin ƙarar da kowane fanko ke yi. Tsakanin kunnen da ƙarar bai fi kamu ɗaya ba. Alhaji ya ɗaga yatsa, masu turi suka dakata suna haki. Ya lumshe ido, ya karkata kai.

"Amotisa na hagu," ya ce, yana nufin ƙarfen da ke rage wa mota girgiza. "Tun safe nake zarginsa."

Batir dai lafiyarsa lau, saboda haka oda na aiki, kuma Illa bai tausaya mata ba. Da haka aka shiga Matamaye, rana ba ta faɗi ba, cikin tafiyar da ko hawainiya ba za ta yi ƙorafi ba. Sauran alhazai wucewa suke fuu, kafin ka ce wane ne sun ɓace. Hajiya Lalla kuwa kowa ya gan ta ya ƙoshi. Ta gaisa da masu rake ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ta miƙa hannu ta taga ta riƙe na tsofaffin ƙawayenta, ta tambayi mai jego, ta yi wa wata ta'aziyyar da ta same ta tana Makka, duk ba tare da an tsaya ba. Da aka karyo kwanar gida Baiwa ta hango uwarta a gidan gaba, zaune daram tana murmushi da haƙorin zinariya, sai ta fashe da kukan daɗi. Ba ta ma lura da wanda ke biye a baya ba, laka har gira.

Aka zauna walima, maza a ƙofar gida, mata a tsakar gida, zana ce kawai tsakani. Alhaji bai tsaya canza riga ba, don jama'a na bukatar bayani, ko ba su nema ba.

"Abin da ya faru yau," in ji shi, "ba lalacewa ba ce, gwaji ne. Ƙarfi ba ya ɓata, wuri yake canzawa, haka ilimi ya ce. Ƙarfin motar nan wani wuri ya tafi. Na rantse muku zan gano inda ya shiga, ko da ƙarƙashin ƙasa ne."

Ya zauna, ya ja tire gabansa, don turi na sa yunwa. Shinkafa ta nuna ɗai-ɗai, nama na rabuwa da ƙashi tun kafin a taɓa shi. Ya kai loma, ya lumshe ido, ya karkata kai kamar yadda ya saba.

"Kun ji? Wannan shi ne aikin gaz. Wuta mai ƙarfi, ba tsallake, ba tari, daga farko har ƙarshe. Da itace ne da yanzu ƙauri kuke ci." Ya ɗaga murya ta kan zana. "Baiwa! Jama'a na yaba wutarki!"

Baiwa, wadda daɗi ya cika wa ciki, ta amsa da ƙarfi don kowa ya ji alherin mijinta.

"Ai motarka za a gode wa, Alhaji! Gaz ɗin tukunyata ya ƙare tun da hantsi, sai na ɗauko tata na ɗaura mata fankon, kamar yadda na saba yi duk mako. Na san ba za ta rasa ba, tunda tana da ɗaya cikin."

Ƙofar gida ta yi tsit, irin tsit ɗin da Alhaji ya daɗe yana nema a zaman diyagnostik bai samu ba. Lomarsa ta tsaya tsakanin tire da baki. Zakariya ya sunkuyar da kai yana nazarin ƙashin da ke hannunsa. Yunus ya ƙware, sai da aka bubbuga masa baya.

Daga bayan zana aka ji tsohuwa ta kurɓi ruwa, ta ajiye kofi.

"Illa, gaya wa mai gidan Baiwa kada ya kuskura ya sayar da motar nan. Tafiya dai ba ta iya ba, amma wallahi ta iya girki."

Illa ya buɗe baki zai isar da saƙo, sai ya ga ba bukata. Wannan karon kunnen ya ji.